A kai na'urar gwajin iska bakin ramukan haƙar ma'adinai

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan masu shiga rami neman abinci. Ni ɗan Barikin Ladi ne, na yi shekara shida ina shiga loto, wato ramin da ake sauka cikinsa da igiya, ina haƙar kuza kafin in zo Legas. Yanzu a Agege nake zaune, ina aikin wanke tankokin mai a wajen Apapa.

Ranar da na fara wannan aiki, shugabanmu ya hana ni leƙa tanki sai da ya zura wata 'yar na'ura da igiya. Girmanta bai fi wayar hannu ba. Tana auna abu huɗu: iskar oksijin da muke shaƙa, iskar da ke kamawa da wuta, gubar da ke cikin hayaƙin inji, da wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Iskar shaƙa a sarari kashi 20.9 ce cikin ɗari. Da ta sauka zuwa 19.5 sai na'urar ta hau ƙara, tana walƙiya, tana kakkarwa. Wallahi a ranar jikina ya yi sanyi, domin na tuna abokina da muka ciro daga loto. An kunna injin jan ruwa a kusa da bakin ramin, hayaƙin ya bi ya sauka. Gubar hayaƙin inji ba ta da wari, ba ta da launi. Ya ce kansa na ciwo, ya zauna ya huta, bai ƙara tashi ba. Allah ya jiƙansa. Mu a lokacin fitila muke zurawa, in ta mutu mu ce ramin ba iska. Ita kuwa wannan guba ba ta kashe fitila.

Turawa ma sun daɗe suna lalube. A Ingila da tsuntsu kanari suke shiga ramin kwal, in ya faɗi su gudu, sai a 1986 suka sallami tsuntsun suka koma na'ura. Yau a Kiruna ta ƙasar Suwidin, inda ake haƙar tama a zurfin mita 1,365, akwai motocin kwasar dutse da mai sarrafa su ke zaune a ɗaki gaban allo, ba kowa a cikin motar. In rufin rami ya rufta, motar kawai zai danne, ba mutum ba. Kuma motar na iya komawa aiki bayan fasa dutse tun kafin ƙura ta lafa, lokacin da mutum bai isa ya shiga ba. Mutum 33 da ƙasa ta rufe a Chile a 2010 sun yi kwana 69 a ƙarƙashin ƙasa, aka huda dutse da injin haƙa aka zaro su ɗaya bayan ɗaya da ransu.

Ban ce a kawo mana irin na Kiruna a Anka ko Barikin Ladi ba. Abin da nake nema ƙarami ne: na'urar gwajin iska ɗaya ga kowane rami, fanka da bututu mai tura iska ciki, fitilar goshi mai caji, hular kwano, da wayar da na ƙasa zai yi magana da mai jan igiya. Ana samun irin waɗannan kaya a nan Legas. Masu rami su daina ganin asara ce. Mun sha yin rabin yini a zaune muna jiran rami ya sha iska, alhali fanka za ta kore hayaƙin kafin a gama shan shayi. Buhu nawa aka rasa a wannan zaman?

Mun ga abin da rashin sani ya jawo. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta, saboda ana niƙa dutsen zinare a bushe cikin gidaje. Jiƙa dutsen kafin niƙa da fitar da aikin daga gari na rage ƙurar sosai. A watan Yunin 2024 rami ya rufta da masu haƙa a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro bayan ruwan sama mai yawa, aka yi kwanaki ana tono.

Hana haƙa kuwa mun gani, ba ya hana yaro mai yunwa shiga rami, sai dai ya shiga da dare. Don haka ina kira ga Ma'aikatar Ma'adinai ta Tarayya da gwamnatocin Filato, Zamfara, Neja da Nasarawa, su sa na'urar gwajin iska cikin sharuɗɗan ba ƙungiyoyin masu haƙa lasisi, a kuma koyar da amfani da ita da Hausa. Tana buƙatar a riƙa kai ta gwaji lokaci zuwa lokaci, in ba haka ba sai ta yi shiru a inda ya kamata ta yi ƙara, saboda haka a samar da wurin gwajin a Jos da Gusau.

Ƙanena har yau yana shiga loto. Mu huɗu 'yan garinmu da ke nan Agege mun fara adashi, in Allah ya yarda kafin damina za mu aika musu na'urar guda ɗaya. Edita, don Allah ku tura wakilinku bakin ramukan nan ya tambayi masu haƙa da me suke gwada iska kafin su sauka.

Naku,
Tsohon mai haƙar kuza,
Agege, Legas.