Idan Ka Zo, Ka Zauna Ta Damana

Anguwan Rogo, Jos.

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya aiki, yaya sanyin Ingila? Mu ma nan hunturu ya shigo da ƙarfinsa, ruwan alwalar asuba sai mutum ya yi ta maza kafin ya taɓa shi.

Na ga kiranka ya fi a ƙirga, kuma na san ranka ya ɗan sosu da ban ɗauka ba. Ka yi mini uzuri. Waya yanzu wahala take ba ni, minti goma in na yi da ita a kunne sai kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini buhun dankali. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka, ko da zai ɗauke ni kwana uku. Saƙon da ka aiko ta hannun ƙaninka ya iso tun kafin a shiga da ni tiyata, kuma ya toshe babban rami. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Na ji irin labaran da suka iso maka. Wani ya ce kansa ce, wani ya ce shanyewar ɓarin jiki, wata gwaggota kuwa har gobe ba ta yarda ba jifa ba ne. Babu ko ɗaya a ciki. Sunan abin a bakin likitoci akustik niyuroma, ƙari ne da ke tsirowa a jikin jijiyar da ta taso daga can cikin kunne ta shiga ƙwaƙwalwa, wadda ke ɗauke da ji da kuma daidaiton tsayuwa. Ita ce ta takwas cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare. Ba ya yaɗuwa zuwa wani wuri a jiki kamar kansa, kuma girmansa a hankali yake, sau da yawa milimita ɗaya ko biyu a shekara. Matsalarsa wurin da ya zauna ne. Ramin ƙashin da jijiyar ke bi tsawonsa kusan santimita ɗaya ne kawai, kuma a cikinsa take tafiya kafaɗa da kafaɗa da jijiya ta bakwai, mai motsa fuska. In ya cika ramin sai ya leƙo cikin ƙoƙon kai ya fara danne abin da ya tarar.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe, da muka zauna cin tsire a Terminus kana ta yi mini tsiya wai na fara jin kai, sai ka yi magana sau biyu nake amsawa? To, tun lokacin abin yana nan. Na daɗe da mayar da waya kunnen dama ba tare da na tambayi kaina dalili ba. Sai kuma wani kuka a kunnen hagu kamar na gyare, dare da rana. Wani mai kemis ya ce dauɗar kunne ce, ya ba ni maganin ɗigawa, na yi ta ɗurawa wata da watanni. A aji kuwa yaran da ke zaune ta hagu suka gane lagona, su yi ta surutu ina rubutun lissafi a allo ban sani ba. Abin da ya kai ni asibiti a ƙarshe tafiyar masallaci ce da asuba. A cikin duhu sai in riƙa karkata kamar wanda ya sha wani abu, har wani maƙwabci ya fara yi mini kallon da ban so ba.

Likitan kunne ya sa mini abin sauraro ya gwada kowane kunne daban. Da ya ga na dama garau, na hagu kuwa ya kusa mutuwa, bai ɓata lokaci ba ya ce sai an yi hoton MRI, irin wanda ake yi wa mutum allura a jijiya don ƙarin ya fito fili. A Abuja aka yi. Santimita 3.2. Da likitan ƙwaƙwalwa ya nuna mini shi a kwamfuta, fari fat kamar ƙwallon goruba ƙarami, wallahi gwiwata ta yi sanyi.

Ya ce hanyoyi uku ne. In ƙarin ƙarami ne ana iya barinsa a riƙa ɗaukar hoto lokaci zuwa lokaci, don wasu ba sa ma ƙara girma. Akwai kuma gashi da haske, da na'ura irin su Gamma Knife, wanda ba ya cire ƙarin, tsayar da girmansa kawai yake yi, kuma an fi yi wa wanda bai kai santimita uku ba. Nawa ya wuce nan, ya ma fara taɓa tushen ƙwaƙwalwa, saboda haka sai wuƙa. Ita ma wuƙar ƙofa uku gare ta: ta saman kunne, ta wajen ƙeya, ko kuma a huda ƙashin bayan kunne a ratsa ta cikin kunnen kansa. Wannan ta ƙarshen, wadda wani likitan Amurka mai suna William House ya inganta a shekarun 1960, tana kashe jin wannan kunnen gaba ɗaya, amma tana ba likita damar ganin jijiyar fuska da wuri ya kauce mata. Likitan ya ce mini, kunnen da ya riga ya tafi ba a sayar da fuska a kansa. Na ce na yarda.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta maka wannan doguwar wasiƙa. Makonni shida da aka ba ni kafin ranar, shirin mutuwa na yi. Na rubuta wasiyya, na bi duk wanda yake bina bashi na biya, na nemi gafarar mutanen da ban ma tuna me na yi musu ba. Na sayar da filin nan na wajen Bukuru. Ƙannena biyu suka je suka ba da jini aka ajiye. Aka ce in daina shan asfirin saboda yana tsinka jini, na daina. Duk wannan daidai ne, ban yi nadamarsa ba. Amma ko sau ɗaya ban zauna na tambayi kaina ba, in na farka fa, yaya zan je banɗaki? Wa zai riƙe ni? A wane ɗaki zan kwana? Likitan ya yi bayanin duk wannan, maman yara ce ta saurara, ni hankalina yana kan likkafani.

Ranar kanta ba ni da labarinta. An hana ni ci da sha tun tsakar dare, aka aske mini bayan kunne, aka ce in ƙirga, ban kai biyar ba. Awa tara aka yi, in ji waɗanda suka zauna a kan benci suna jan carbi. Abin dariyar shi ne da na farka ciwon ciki na fara ji. Ashe sun yanki ɗan kitse a gefen cibiyata sun toshe ramin da suka huda da shi, don kada ruwan ƙwaƙwalwa ya riƙa yoyo. Ka ga tumbin da kake yi wa dariya ya yi rana.

Sai jiri. Aminina, ban san akwai irin wannan jirin a duniya ba. Ido a rufe ɗakin yana juyawa, ido a buɗe ya fi. Ko kaina na motsa sai amai. Amma washegari wata nas ta zo ta ce in tashi zaune, kwana biyu kuma ta ce sai na taka. A raina na ce wannan baiwar Allah ba ta da imani. Daga baya na gane gaskiyarta. An yanke jijiyar daidaito ta hagu, ƙwaƙwalwa tana samun saƙo daga ɓangare ɗaya kawai, kuma ba za ta koyi aiki da hakan ba sai an tilasta mata. Wanda ya lafe a gado yana jiran jiri ya wuce, shi ne jirin ya fi daɗewa a kansa.

Kwana na uku na roƙi madubi. Sun yi ta kewaye-kewaye kafin su ba ni. Ɓangaren hagu na fuskata ya saki, baki ya karkace, ido ba ya rufuwa duka. In na kurɓi shayi sai ya zubo ta gefe. Likitan ya ce jijiyar tana nan ba a yanke ta ba, wahala ta sha wajen ɓanɓare ƙarin daga jikinta, kuma suna da ma'aunin sakin fuska daga 1, wato lafiya lau, zuwa 6, mafi muni, ni ina kan 4. Ban ɓoye maka ba, daren nan na yi kuka, da ido ɗaya ma, don na hagun ko hawaye ba ya yi. Wannan bushewar ita ce haɗarin, don idon da ba ya ƙiftawa yana iya samun gyambo. Saboda haka maganin ɗigawa kowane ɗan lokaci, da dare a shafa mai a manne fatar idon da filasta. Maman yara ta riƙe wannan aikin kamar farilla. Ƙurar hunturun nan kuwa ba na fita cikinta sai da tabarau.

Bayan kwana takwas aka sallame ni, muka zauna gidan ƙanina a Kubuwa har aka cire ɗinki. Dokokin da aka kafa mini suna da yawa: kada in ɗauki abu mai nauyi, kada in fyace hanci, kada in yi yunƙuri a banɗaki, in atishawa ta zo in buɗe baki, kada in sunkuya. Wannan ta ƙarshen ta fi ci mini rai, don a kan kujera na yi ta salla ina nuni da kai, sati shida goshina bai taɓa ƙasa ba. Ranar da aka ba ni izinin sujada na daɗe ban ɗago ba, har yarona ya taɓa ni ya ji ko lafiya.

Mun sha tsoro sau ɗaya. An gargaɗe mu cewa in muka ga ruwa garau mai ɗanɗanon gishiri yana ɗiga ta hanci ko ta wurin ɗinkin, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, mu koma asibiti ko da tsakar dare ne. Sai ga hancina yana zuba. Muka kwasa a guje. Mura ce. Likitan bai yi mana dariya ba, ya ce gara mu zo sau goma a banza.

Dawowa Jos kuwa, kwanonin Hawan Kibo sun gwada mini cewa da saura. Sau uku direban ya tsaya.

Yau wata huɗu ke nan. Kullum da safe ina manna takarda mai harafi ɗaya a bango, in kafa mata ido in riƙa juya kai dama da hagu, kamar yadda likitan gashin ƙashi ya koya mini. Yara suna leƙe suna dariya. Da la'asar ina takawa zuwa bakin titin Bauchi Road in dawo, da farko da sanda, yanzu babu. Likitan ya bayyana mini cewa abu uku ne ke tsayar da mutum, kunne da ido da abin da ƙafa ke ji a ƙasa. Tunda ɗaya ya raunana, sauran biyun nake dogara da su, shi ya sa in aka ɗauke wuta, ko na hau lungunan nan namu masu duwatsu, sai in koma kamar ɗan tatata. Tocila ba ta barin aljihuna. Fuska ta dawo mataki na 2, sai na yi dariya sosai ake gane karkacewar. Ɗanɗano ne bai gama dawowa ba, gwaten acca ma da nake so sai in ji kamar na lashi ƙarfe.

Abin da babu wanda yake gani shi ne gajiya. Mutane suna zuwa dubiya su ce kai Malam ai ka warke, masha Allah. Ba su san bayan tafiyarsu sai na kwanta awa biyu ba. Na je Farin Gada sau ɗaya sayen kayan miya, hayaniyar ta haɗe mini wuri guda, ban iya tsince muryar mai tumatir daga ta mai kabeji ba, na dawo hannu rabbana. Kuma da kunne ɗaya ba ka sanin daga ina sauti yake zuwa. A kira sunana in juya ta inda ba kowa. Keke Napep ya yi oda, ban san ta gaba yake ko ta baya ba, don haka tsallaka titi yanzu sai na duba har sau uku. Gyaren nan kuma bai tafi ba. Na ɗauka in an cire ƙarin zai yi shiru, ashe kunnen da ba ya jin komai yana iya jin ƙarar kansa. Mun dai saba da juna.

Amfani ɗaya na samu, in na kwanta a kan kunnen dama, janaretan maƙwabci ko zakara ba su da hanyar isa gare ni.

Zan koma makaranta zangon gobe in Allah ya yarda, da darasi biyu a rana tukuna. Na riga na roƙi a mayar mini da teburi kusurwar da yara za su kasance ta damana, mu ga ta inda za su sake cuta ta. Akwai kuma wani hoton MRI da za a sake nan gaba, a tabbatar babu abin da ya rage yana tsiro.

Ina da roƙo guda. An gaya mini akwai na'urar ji da ake kira CROS, ana saƙala ɗaya a kunnen da ya mutu ta ɗauki sauti ta aika wa ɗayar a kunne mai lafiya. Ba ta dawo da sanin inda sauti yake fitowa, amma aƙalla wanda ya zauna ta hagu ba zai ɗauka wulaƙanci nake masa ba. Don Allah ka tambaya mini kuɗinta a can, da kuma ko sai an gwada mutum kafin a saita ta. Tambaya kawai na ce, kada ka saya, na san halinka.

Sannan ƙanwarka da ka taɓa cewa tana kukan kunne ɗaya yana mata ƙara, ka matsa mata ta je a gwada jinta wurin likitan kunne. Galibi ba wannan ba ne, amma kada ta yi shekara uku tana ɗura magani kamar ni.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Maman yara tana gaishe ku, ta ce a gaya maka zumar da ka yi alkawari ba ta manta ba. In Allah ya kawo ka da babbar salla, tsiren Terminus yana wuyana, amma ka zauna ta damana.

Wassalam,
Naka amini.