A nemo gwanayen jifa a ƙauyuka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan gasar duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle ta masu buƙata ta musamman, wadda aka yi a Indiya a 2025.

Rahoton ya tuna mini da Flora Ugwunwa. A zaune take jefa mashi, kuma ta ciyo wa Najeriya zinare a gasar Paralympics ta masu buƙata ta musamman a Rio, Brazil, a 2016. A ƙauyenmu akwai saurayin da shan inna ya shanye wa ƙafafu. Kullum da hannu yake tuƙa kekensa cikin rairayi zuwa kasuwa. Ka ga damatsansa kuwa! Amma bai taɓa riƙe mashi na wasan jifa ba.

Ina roƙon gwamnatin Jigawa ta riƙa turo masu horarwa da kayan jifa ran kasuwa, bayan kaka, su gwada irinsu.

Naku,
Malamin firamare, Ringim