Kafin a ce katin intanet na tsohuwar kwamfuta ya ƙone

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwa masu sayen kwamfutocin gwanjo a Computer Village ta Ikeja, musamman masu shagunan buga takardu da makarantun Islamiyya na Agege, Idi-Araba da Mile 12. Abin da ke damuna shi ne kuɗin da ake kashewa a banza. Da zarar an goge kwamfuta an sake ɗora mata Windows 7, sai ta ƙi hawa intanet, sai a ce katin intanet, wato sashen da ke haɗa ta da intanet, ya ƙone. Galibi kuwa lafiyarsa lau, direba ne babu, wato ƙaramar manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita.

Ganewa ba wuya. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta devmgmt.msc, sai Device Manager ya buɗe, wato jerin kayan da ke cikin kwamfutar. Idan aka ga Ethernet Controller ko Network Controller da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, to kwamfutar tana ganin katin, ba ta dai san yadda za ta yi aiki da shi ba. Na farkon na kebul ne, wato wayar intanet da ake jonawa, na biyun na Wi-Fi.

A nan ake yawan kuskure. Wasu sukan zuba tarin direbobi barkatai da fatan ɗaya zai dace, ƙarshenta kwamfuta ta riƙa tsayawa cak tana fitar da shuɗin allo. Alhali katin da kansa yana faɗin wanda ya ƙera shi. A buɗe Properties ɗinsa, a shiga Details, a zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke bayan VEN ita ce ta kamfani: 10EC Realtek ne, 8086 Intel, 14E4 Broadcom, 168C kuma Atheros. Wadda ke bayan DEV ita ce samfurin. Da su za a nemo direba a shafin HP, Dell, Lenovo ko na kamfanin katin, a wata kwamfuta mai intanet, a kwaso a filashi. A tabbatar ko Windows ɗin 32-bit ce ko 64-bit, domin direban ɗaya ba ya hawa ɗaya.

Idan direba ya hau amma har yanzu shiru, a buɗe cmd, wato baƙin allon rubuta umarni, a rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nuna cewa rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ba ta ba kwamfutar adireshi ba. Sai a canza kebul, a duba ko fitilar ramin da ake jona shi tana ƙiftawa. Danshin Legas kan sa ƙarafunan cikinsa tsatsa. Idan aka rubuta ping 8.8.8.8 a cmd ya amsa amma shafuka sun ƙi buɗewa, galibi matsalar DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa, katin ba shi da laifi.

Yawancin tsofaffin katunan Wi-Fi kuwa zangon 2.4GHz kaɗai suke gani, kuma ba su san tsaron WPA3 ba. Mai haɗawa da wayar hannu ko MiFi ya mayar da saitin zuwa 2.4GHz da WPA2. A kuma dubi agogo: idan batirin CR2032 da ke kan bodi, wato babban allon cikin kwamfutar, ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya, burauza ta riƙa ƙin shafuka masu tsaro.

Katin yakan ƙone da gaske, musamman bayan tsawa ko wuta ta dawo da ƙarfi. Alamarsa ita ce ya ɓace gaba ɗaya daga Device Manager alhali a kunne yake a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Ko a nan ma ba a buƙatar sabon bodi, ƙaramin adafta na USB ya wadatar. Sai dai a tuna Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020, don haka ban ga dacewar yin harkar banki a kanta ba.

Roƙona ga abokan sana'a masu gyara: kafin ku goge kwamfutar mutum, ku kwafe babban fayil ɗin FileRepository da ke cikin C:\Windows\System32\DriverStore zuwa filashi. Idan irin wannan Windows ɗin aka mayar, sai a zaɓi Update Driver a nuna masa wurin, zai ɗauko direban da kansa.

Wassalam,
Mai gyaran kwamfuta,
Agege, Legas.