Gaisuwar Babbar Sallah daga Kalifoniya, kafin mu hau keke

Assalamu alaikum. Baba, Inna, da duk mutanen gida, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi layya, ya maimaita muna ta baɗi da rai da lafiya.

Sa'ad da muka sallame idi a nan, ku can la'asar ta yi, don awa takwas ke tsakaninmu. Na san kun daɗe da dawowa daga Fakon Idi, an yanka, an feɗe. Nan kuwa ranar aiki ce kamar kowace, ba wanda ya san Sallah ake yi. Mai layya mayanka yake biya, a miƙo masa nama a yayyanke cikin leda, ba kai, ba ƙafa, ba fata.

Tareni ne ya tsaya mini a rai tun safe. Ina ganin shi kamar ina tsaye ƙofar gida: an buɗe rago an ɗame shi da itace biyu a gicciye, an jera shi da 'yan'uwansa sun kewaye wuta, ba kusa ƙwarai ba don kada baya ya ƙone ciki na ɗanye. Kitse na ɗiga cikin kwanon da aka tara, hayaƙi ya rufe unguwa, kowace ƙofa da nata jerin. Yau kayan ciki kaɗai za a taɓa, hanta da ƙoda da tumbin da Inna ke soyawa, saura sai gobe a sauke a raba. Ga zaman dare, wani na gyara wuta, wani na juya nama, wani ya ɗan runtsa bisa tabarma a tashe shi in lokacinsa ya yi. Nan ma suna gashi, amma bisa ƙarfe da gas, kafin ka zauna an gama, kuma ba shi da ƙanshin nan.

Inna ta tambaye ni a waya wane irin tseren keke ne ake yin mako ana yi. Bari in yi bayani dalla-dalla don hankalinku ya kwanta.

Sunansa Race Across America, tun 1982 ake yin shi, cikin watan Yuni. Daga garin Oceanside ake tashi, bakin tekun Fasifik, a ƙare bakin tekun Atlantika. Kusan kilomita 4,800 ne, kamar a je Ikko daga Sakkwato sau huɗu da ɗoriya. Mai shiga shi kaɗai kwana 12 ake ba shi, ƙungiya mai mutum 2 ko 4 ko 8 kwana 9. Agogo ba ya tsayawa, dare da rana. In an lissafa da kwana 9 na ƙungiya, sai an ci fiye da kilomita 530 kullum, wato kilomita 22 kowace awa, har da lokacin da ya tafi wurin faci ko ɓatan hanya.

Mu huɗu ne, kuma ba tare ake tuƙi ba. Mutum guda ke bisa hanya, sauran na cikin mota. An raba mu biyu-biyu: biyu na aiki awa shida, biyu na barci, sannan a juya. Biyun da ke aiki suna karɓar juna kowane minti 20 zuwa 30, don a gajeren lokaci ne mutum ke iya taka feda da ƙarfinsa duka. Wurin karɓa, mota ta kai sabon mahayi gaba ta aje shi gefen titi, kuma ba ya da ikon tafiya sai tayar mai zuwa ta cimma tasa. Haramun ne a laɓe bayan mota ko bayan wani mahayi don a kare iska. Da dare mota na bin mahayi a baya, bai fita daga hasken fitilarta. In mota ta tsaya shan mai, shi ma ya tsaya. Akwai tashoshi fiye da 50 da ake sanar da alƙalai an wuce. Wanda ya ɓace hanya, a mota ake mayar da shi daidai inda ya kauce, ya soma daga nan.

Shi ya sa masu hidima sun fi mahaya yawa: direbobi, mai karanta taswira, makaniki, mai abinci. Kuma cikin manyan haɗurran wanga tsere akwai gyangyaɗin direba. Su ma karɓa-karɓa suke yi, ba a barin kowa ya riƙe sitiyari bai yi barci ba.

Kwanan farko hamada ake ratsawa, kudancin Kalifoniya zuwa Arizona, zafi na haura digiri 40. Abokaina na tsoronta. Ni na ce musu kamar watan Afrilu ne a hanyar Illela. Duk da haka ba a wasa da ita. Kowace awa mahayi na shan ruwa rabin lita zuwa lita guda, da gishiri a ciki, don ruwa zalla in ya yi yawa yana tsarma gishirin jini, kai ya yi ciwo, mutum ya ruɗe. Ana cika safa da ƙanƙara a rataya a wuya. Abinci kuma kaɗan-kaɗan, gram 60 zuwa 90 na mai sitaci ko zaƙi kowace awa; manyan dabino uku sun kai gram 50. Wanda ya jira sai ya ji yunwa, ƙafa za ta mutu masa lokaci guda, wanda ya cika ciki kuwa amai zai yi. Da da hali, hurar Inna mai sanyi zan sa a gora, gero da nono sun haɗa duk abin da ake nema.

Bayan hamada sai duwatsun Kolorado, inda hanya ke hawa fiye da mita 3,300 a mashigin Wolf Creek. Can numfashi ke gajarta, sanyin dare ya sa a nemi safar hannu da rigar iska. Sai filin Kansas, shimfiɗe, iska na bugun mutum ta gefe. Tuddan Wes Bajiniya na kusa da ƙarshe gajeru ne amma a tsaye, kuma sun sami ƙafa a gajiye.

Ciwon da ke yawan damun mahaya shi ne na mazauni. Zufa da gugar sirdi ke kawo maruru. Maganinsa a shafa mai, a canza wando duk saukowa, a wanke a bushe, kuma kada a taɓa tsawon sirdi ko a sa sabo ranar tsere, ko da santimita guda ne gwiwa za ta faɗa maka. Kowa na da keke biyu da ƙafafun canji, don ba a tsayawa faci: a zare ƙafar a sa wata, makaniki ya gyara cikin mota. Sarƙa ana goge ta a sa mata mai kullum, birki a duba shi kafin kowane gangare. Salla kuwa, Baba, ta matafiyi ce, ƙasaru, kuma na nemi a tsara hutuna yadda ba za ta kuɓuce mini ba.

Saura mako guda mu tashi. Ku sa mu addu'a.

A gaida Kaka da kyau, a ce mata ina nan da zanen da ta ba ni, shi nake shimfiɗawa in yi salla, kuma ta ci hantar nan da rabona, kada ta raba wa jikoki duka kamar yadda ta saba. A gaida Kawu na Kara, na san bana ma shi ya zaɓo ragon. Gwaggo ta Mabera da ɗiyanta, Yaya da amarya, liman da maƙwabta, duk ina gaisuwa. Auta kuma, tsohon kekena da ke zaure naka ne. Ka kai shi wurin mai faci ya canza tiyub ɗin baya da robar birki, ka rage tsawon sirdi har dugaduganka su kai feda, kuma kada ka hau shi da dare ba fitila. Gobe in an sauke tareni, ka ɗauko mini hoto kafin a raba.

Naku,
ɗanku na Amurka