Ƙarfin ƙungiya daban, girman gida daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan wata kalma da ta yi arha a bakin masu rubutun wasanni da masu sharhi a rediyo, wato "babbar ƙungiya". A yau duk ƙungiyar da ta jera wasanni biyar tana cin nasara, ko ta sayi ɗan wasa da kuɗin da za su isa a gina asibiti, sai a naɗa mata rawanin girma, ba tare da an tambayi inda ta fito ko abin da ta tarar a gidansu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani musu da ya kaure a gidan kallon da nake zuwa a Mabera, ranar wata Asabar da janareta ya shaƙe ana hutun rabin lokaci. Muna zaune kan benci cikin duhu da zufa, sai wani saurayi ya ɗauko allon da ake rubuta wasannin rana, ya goge shi da gefen rigarsa, ya ce zai jera mana manyan ƙungiyoyi goma na duniya. Ana haska masa da fitilar waya yana rubutu. Ya sa Manchester City ta uku, ya ɗora Chelsea a kan AC Milan, Ajax kuwa ko a ƙasan allo ba ta samu wuri ba. Da na tambaye shi ina Benfica, sai ya ce ai wannan kasuwar sayar da 'yan wasa ce kawai. Na fara kawo masa shekaru, ya tare ni cikin ladabi ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, tarihi ba ya cin ƙwallo." Aka yi dariya, ni ma na yi, domin a kan wasan ranar gaskiya ya faɗa. Sai dai allon nasa ba wasan ranar yake aunawa ba.

Mu a Sakkwato bai kamata wannan bambanci ya yi mana wuya ba. Mun san attajirin da ya yi kuɗi shekaran jiya, muna ba shi girmansa, mun kuma san abin da muke nufi idan muka ce wane ɗan babban gida ne, ko da a yau zauren gidan nasu ya tsage. Babban gida shi ne wanda kaka ya yi suna, ya rasu, gidan ya shiga wani hali, sannan jika ya taso ya sake ɗaga shi. A ganina da wannan mudu ya kamata a auna ƙungiyoyin ƙwallo: ba yawan kofuna kaɗai ba, a duba ko ƙungiyar ta ci su a zamani daban-daban, a hannun mutane daban-daban, da kuma ko ta taɓa faɗuwa ta tashi.

Da wannan mudu babu gardama a kan ta farko. Real Madrid ta lashe kofin zakarun Turai sau biyar a jere daga 1956 zuwa 1960 a zamanin ɗan wasanta Di Stefano, ta ƙara a 1966, sannan ta yi shekara 32 tana nema bai samu ba, har sai 1998. Daga nan ta ci a 2000 da 2002, ta dawo da wani sabon ayari ta kwashe shida tsakanin 2014 da 2024, ya zama 15. Waɗanda suka ci na farko da waɗanda suka ci na baya-bayan nan ba su haɗa komai ba sai farar riga. Bayanta ni AC Milan nake sawa, wadda saurayin nan ya raina saboda bai gan ta da ƙarfinta ba. Kofunanta bakwai sun bazu daga 1963 da 1969, zuwa 1989 da 1990 da 1994, har 2003 da 2007, kuma a tsakani ta faɗa rukunin 'yan dagaji sau biyu, a 1980 da 1982. Bayern Munich da Liverpool, masu shida-shida, a sahu ɗaya suke da ita: Bayern ta jera uku daga 1974 zuwa 1976 ta kuma ci a 2001 da 2013 da 2020, Liverpool kuwa ta ci huɗu tsakanin 1977 da 1984, ta ƙara a 2005 da 2019, ta kuma jure shekara 30 ba ta ɗauki kofin lig na Ingila ba, magoya bayanta ba su watse ba. Barcelona tana da biyar, amma duka daga 1992 ne zuwa 2015, shi ya sa a lissafin kofin Turai nake ajiye ta ƙasa da waɗannan, duk da cewa a gida Sifaniya tsohon gida ce da ba mai musu a kanta.

Manchester United ta cancanci a tsaya a kanta, domin kofunanta na zakarun Turai uku ne kawai, amma labarinta ya fi lissafin nauyi. A 1958 jirgin sama ya faɗi da tawagarta a Munich, 'yan wasa takwas suka mutu. Kocinta Matt Busby, wanda shi ma da ƙyar ya tsira, ya sake gina ƙungiyar har ta ɗauki kofin Turai a 1968. Shekara shida bayan haka ta faɗa rukuni na biyu, ta kuma yi shekara 26 ba kofin lig kafin Alex Ferguson ya dawo da shi a 1993. Yaran da ke yi wa magoya bayanta tsiya a majalisa saboda halin da ta shiga tun tafiyar Ferguson a 2013 ba su san cewa gidan ya ga abin da ya fi wannan muni ba.

Wani zai ce to a ƙirga kofuna kawai a huta. Nottingham Forest ce amsarsa. Ta ɗauki kofin Turai a 1979 da 1980, adadi ɗaya da na Juventus ke nan, alhali kofin lig ɗaya tak ta taɓa ci, a 1978, Juventus kuwa tana da 36 a Italiya. Duk kofunan da Forest ta ci a Turai a hannun mutum ɗaya ta ci su, kocinta Brian Clough, kuma daga 1999 ta yi shekara 23 ba ta leƙo gasar Firimiya ba. Abin da ta yi abin mamaki ne, amma babu mai hankalin da zai zaunar da ita tabarma ɗaya da Juventus. Zamani guda mai kyau bai isa ba.

Wannan hukunci ne nake yi wa ƙungiyoyin da kuɗi suka ɗaga, kuma ba da ƙiyayya ba. Chelsea ta ci lig a 1955, ba ta sake ba sai 2005, shekara biyu bayan Roman Abramovich ya saye ta. Manchester City ta shiga hannun attajiran Abu Dhabi a 2008, ta ɗauki kofin zakarun Turai na farko a 2023. Paris Saint-Germain a 1970 aka kafa ta, Ƙatar ta saye ta a 2011, ta samu nata a 2025. Kofunan nan halal ɗinsu ne, a fili suka ci su, kuma babu babbar ƙungiyar da ta yi suna da aljihu wayam. Abin da ya rage shi ne jarrabawar da tsofaffin gidaje suka riga suka ci, wato ranar da mai kuɗin ya janye hannunsa, ko kocin da ya kawo nasarar ya tafi, aka shekara goma ana shan kashi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Domin kada a ce son kai ne, bari in faɗi tawa. Ni ɗan Arsenal ne, kuma ba wani bincike ya kai ni can ba, Nwankwo Kanu ne, tun ranar da ya zura wa Chelsea ƙwallo uku a gidanta a 1999. Arsenal babban gida ce a Ingila, ta ci lig sau biyar a shekarun 1930, ba ta sauka daga rukunin farko ba tun 1919, ta kuma gama kakar 2003 zuwa 2004 ba a doke ta ba. Amma shekara da shekaru kofin zakarun Turai ya gagare ta, kuma ban manta daren 2006 da Barcelona ta ƙwace shi a hannunmu a Paris ba. Ba zan iya ɗora ta a kan Ajax ba, wadda ta jera uku daga 1971 zuwa 1973 ta kuma ƙara a 1995, da Kanu ɗin kansa da Finidi George a cikinta. Yadda na shiga Arsenal haka yawancinmu suka shiga ƙungiyoyinsu: wasu Celestine Babayaro da Mikel Obi suka kai su Chelsea, wasu kuma ƙungiyar da ke tashe a shekarar da aka buɗe gidan kallo a unguwarsu suka kama. Shi ya sa ban yarda da yawan mabiya a Facebook a matsayin hujjar girma ba, domin abin da yake nunawa shi ne wadda aka fi haskawa a talabijin.

Babban abin da ya dame ni a allon nan shi ne babu ƙungiyar Afirka ko ɗaya, kuma ba wanda ya lura. Al Ahly ta Masar an kafa ta a 1907, ta ɗauki kofin zakarun Afirka sau 12 tsakanin 1982 da 2024. TP Mazembe ta Kwango ta ci a 1967 da 1968, ta ɓace shekara 41, ta dawo ta ci a 2009 da 2010 da 2015, har ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin duniya a 2010. Idan tashi bayan faɗuwa ne ma'auni, da wuya a samu misalin da ya fi wannan. A gida Najeriya, Enyimba ta ɗauki kofin Afirka a 2003 da 2004, Rangers ta Inugu ta jira daga 1984 har 2016 kafin ta sake cin lig. A Arewa, Mighty Jets ta Jos ta ci lig a 1972, Raccah Rovers ta Kano a 1978, Kano Pillars a 2008 sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly daga gasar Afirka alhali ita ke riƙe da kofin. Da na ambaci Raccah Rovers a gidan kallon, wani ya ɗauka ƙungiyar Ingila ce. Matasan da za su lissafa maka 'yan benci na Chelsea, da yawansu ba su taɓa shiga filin wasa na Giginya sun kalli Sokoto United ba, alhali kuɗin kabu-kabu kaɗai ke tsakaninsu da shi.

Saboda haka ina roƙon masu rubutun wasanni su riƙa bambanta "ƙungiya mai ƙarfi" da "babbar ƙungiya", kuma idan za a jera su a faɗi mudun da aka auna da shi, kofuna ne, ko kuɗi, ko daɗewa. Ina kuma roƙon, Malam Edita, a ware ko da rabin shafi a wata domin tarihin ƙungiyoyinmu na gida, tun tsofaffin 'yan wasan da suka buga wa Raccah Rovers da Ranchers Bees ta Kaduna suna raye ana iya jin ta bakinsu. Idan aka buga, zan yanke shafin in kai wa saurayin nan mai allo.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga unguwar Mabera, Sakkwato.