Amsa ga ɗalibar da ta tambaye ni a kan yaƙin Tarawa

Assalamu alaikum 'yata,

A taron ɗaliban tarihi kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni ko ɗan filin jirgin saman da ke tsibirin Betio ya cancanci jinin da aka zubar a kansa tsakanin Amurka da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Lokaci ya ƙure ban amsa miki ba, to ga amsata.

Betio yanki ne na Tarawa, a ƙasar Kiribati ta yau, can tsakiyar tekun Fasifik. Tsawonsa kilomita 3 ne da 'yan kai, faɗinsa bai kai ɗaya ba. Japanawa sun shimfiɗa titin jirgi a tsakiya, suka kewaye gaɓa da katangar kututturen kwakwa, mutum wajen 4,800 a ciki. Amurka na buƙatar filin don ta kai ga tsibiran Marshall. Wannan hujja na karɓe ta.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda sojan Amurka suka shiga tsibirin ranar 20 ga Nuwamba 1943. Manjo Frank Holland, wanda ya shekara 15 a Tarawa, ya gargaɗi kwamandoji cewa ruwa ba zai cika ba. Ba a ɗaga ranar ba. Jiragen sauke soja na buƙatar zurfin ƙafa 4, suka tarar da ƙafa 3 a kan duwatsun da suka kewaye tsibirin, suka cije. Motocin da ke tafiya a ruwa da tudu, masu iya haye duwatsun, 125 ne kacal. Sauran samarin sai suka diro, ruwa iya ƙirji, bindiga a ɗage bisa kai, suna jan ƙafa tafiyar ɗaruruwan mitoci, ga harsashi na zuwa daga gaba, babu ko kara da za su fake da shi. Wallahi duk sanda na zo nan a aji sai muryata ta sarƙe.

Cikin awa 76 an kashe sojan Amurka wajen 1,000. Sojan Japan 17 kaɗai aka kama da rai. Da aka je Kwajalein, a tsibiran Marshall, a farkon 1944, sai da masu ninƙaya suka fara duba ruwan. Ashe ana iyawa. Don haka, 'yata, filin ya cancanci a kama shi, amma da yawa daga waɗanda suka mutu a ruwan nan ƙin jin magana ne ya ci su.

Akwai kuma waɗanda ba ki ambata ba: leburori 'yan Koriya wajen 1,200 da Japan ta kwaso su gina filin. Mutum 129 ne suka tsira. Ina roƙonki ki sa su a cikin binciken da za ki rubuta.

Malaminki