Zuwa ga ɗana, kan lissafin gidanku

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da iyalinka. Mahaifiyarka tana gaishe ku.

Ranar da muka yi waya na tambaye ka yadda kuke tafiyar da kuɗin gida, sai ka ce min, "Ai Baba, ni nake riƙe da komai, ba na son in ɗora mata damuwa." Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa. Amma maganar ta tsaya min a rai, domin da ita na riƙa lallashin kaina a farkon aurenmu, kuma ba ta haifa mana ɗa mai ido ba.

Kana ɗan shekara 4 na ci wani bashi mai ruwa, kashi 3 cikin 100 duk wata. Na raina shi. Ban yi lissafin cewa idan ruwan yana hawa kan ruwa, a shekara guda zai kai kusan kashi 43 ba. Wata 14 ina ɓoye wa mahaifiyarka, ina rama, ina faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har ranar da ta tsinci takardar a aljihun rigata za ta yi wanki. Ta zaunar da ni, ta nuna min ajiyarta. Da na buɗe baki tun a wata na biyu, da abin da ke hannunta ya biya bashin kaf. Ta ce, "Kullum ina zaune kusa da kai, ka zaɓi ka ɗauki kayan nan kai kaɗai." Kuɗin mun gama biyansu a ƙasa da shekara. Kafin ta daina kallon fuskata tana neman abin da nake ɓoyewa, sai da aka fi haka daɗewa.

Don haka ku zauna da matarka, ku buɗe komai. Nawa ke shigowa hannunka, nawa ke shigowa nata, wa yake bin ku, wa kuke bi. Daga nan ku yi wata guda kuna rubuta duk abin da ya fita, komai ƙanƙantarsa, ba tare da kun canza komai ba tukuna. Za ka ga cewa haya da kuɗin makaranta ba sa ba mutum mamaki, an san da zuwansu. Ƙananan nan na kullum, kati, kuɗin mota, ɗan wannan da ɗan wancan, su ke cinye albashi kafin ashirin ga wata.

Akwai wani rabo da Elizabeth Warren ta Amurka da 'yarta suka yaɗa a shekarar 2005: kashi 50 na abin da ke shigowa ya tafi ga larura, 30 ga abin sha'awa, 20 ga ajiya da biyan bashi. Ma'auni ne mai kyau na farawa, amma kada ku mayar da shi doka. Gidan da haya da cefane suka lashe kashi 70, sai ya rage daga ɓangaren sha'awa, ya ajiye ko da kashi 5 ne. Abin da na fi so ka riƙe shi ne a cire ajiyar ranar da kuɗi suka shigo. Wanda ya ce zai ajiye abin da ya rage a ƙarshen wata, ba ya samun ragowa.

Sai maganar wa zai kawo nawa, wadda a nan ne zukata suka fi ɓaci. Idan kun amince ku biyu za ku riƙa zubawa, kada ka ce rabi da rabi shi ne adalci. A ce kana samun 300, ita tana samun 200, hidimar gida kuma 250 ce. In kuka raba daidai, kai ka rage da 175, ita da 75. In kowa ya ba da rabin abin da yake samu, ka kawo 150, ta kawo 100, nauyin ya zama ɗaya a kan kowa. Kuma abin da za ta kawo, da yardarta za ta kawo shi. Idan wata rana ta bar aiki don rainon yara, kada ka kuskura ka ce kai kaɗai ke ciyar da gida. Ka lissafa abin da za ka biya mai reno da mai girki da mai wanki, ka ga irin dukiyar da take zubawa ba a rubuta ba.

Bayan asusun gida, kowannenku ya samu nasa ɗan kason da ba wanda zai tambaye shi me ya yi da shi. Babban mutum ba ya jin daɗin neman izini kafin ya sayi ƙaramin abu, kuma wanda aka matsa wa shi ke fara ɓoyo. Sai dai ku sa iyaka: duk sayayyar da ta haura adadi kaza, sai an yi shawara.

Ku tara abin da zai riƙe gidan wata 3 zuwa 6 idan aiki ya tsaya ko ciwo ya zo, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Annabi Yusuf ma a shekaru bakwai na yalwa ya yi tanadin bakwai na fari. Abin da ake biya sau ɗaya a shekara kuwa, ku raba shi gida 12, kuna warewa duk wata.

Akwai abin da ya shafe ni kai tsaye. Abin da kake turo mana, Allah ya saka maka da alheri, amma ina so ya shiga littafin, matarka ta san da shi, kuma a rubuta na iyayenta a layin da ke ƙasa da namu. Ba na son kuɗin da aka ba ni a ɓoye. Watan da abu ya yi muku wuya ka faɗa min, ba za mu ji haushi ba.

Ku tsayar da rana guda a wata ta duba littafin, lokacin da ba wanda ya gaji ko yake cikin fushi. Rabin awa ya isa. In an sami kuskure, a tambayi yadda za a gyara kafin a tambayi wanda ya yi. Wanda ya fi iya lissafi a cikinku shi ya riƙe alƙalamin. A gidanmu mahaifiyarka ce, tun daga waccan ranar har yau.

Ta ce in gaya maka ta samo littafinmu na farko, mai shuɗin bango, za ta ba matarka idan kun zo. Ka karanta mata wasiƙar nan, har da labarin bashin. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka